Kayan Aro a Ɗakin Mainasara Masinja

Mainasara bawana ne, kuma ko gaban alƙali aka kai ni haka zan faɗa. Uwarsa ƙanwar babana ce, kun ga ke nan ni ɗiyar namiji, shi ɗan mace. Taubasai muke, kuma tun muna yara a Shagari ba mu taɓa haɗuwa muka rabu ba a yi tsiya ba. Ni in ce masa bawa, shi ya ce mani Safinatu mai warin daddawa, don daddawa nake sayarwa tun ina budurwa har yau da jikoki suka cika mani gida. Aure ne ya kai ni Bodinga, amma duk ranar kasuwar Shagari ina can da kwanona. In ban biya ta gidansa na tsokane shi ba, sai in ji kamar ban ci kasuwar ba.

Mutumin nan tun yana ƙarami gwamnati ta shiga ransa. Sauran yara suna bin awaki, shi yana bakin titi yana sara wa motocin ma'aikata. Da ya girma Allah Ya karɓi addu'arsa, aka ɗauke shi masinja a ofishin ƙaramar hukuma. Wayyo, ku zo ku ga kaki! Da dutsen guga na gawayi yake goge shi har sai karin wandon ya tsaya cak. In ya ɗauko fayil daga wannan ofis zuwa wancan, da hannu biyu yake rungume shi a ƙirji, ko gaisuwa ba ya amsawa sai ya ajiye. Shekara talatin da ɗoriya yana wannan aiki, bai taɓa makara ba, ba a kuma taɓa ƙara masa girma ba. In na ce masa, "Bawa, har yanzu aike kake zuwa?" sai ya ɗaga hanci ya ce, "Aiken gwamnati ya fi sarautar daddawa."

Da ya ajiye aiki aka sa masa fansho. Fanshon masinja kuwa ba sai na yi dogon bayani ba, in ka biya ta wurin mai hatsi ba za ka iso gida da komai a aljihu ba. Duk da haka suna lallaɓawa, shi da matarsa Uwani, don 'yarsu ɗaya ce kuma tana aure a Horo Birni. Sai wata safiya yana alwala buta ta suɓuce daga hannunsa, shi ma ya bi ta ƙasa. Aka kwashe shi sai asibiti a Sakkwato. Ya dawo da rai, amma hannun hagu ya mutu, ƙafar hagu kuma sai ja. Likita ya ce hawan jini ne, kuma akwai ƙwayar da zai riƙa sha kullum har ƙarshen ransa. Ya ce in ya kuskura ya daina, ciwon zai dawo, kuma na biyun ba ya yi wa mutum sauƙi irin na farko.

A nan ne aka sa sunansa cikin masu karɓar tallafin naƙasassu. To ku riƙe wannan da kyau: fansho na hatsi ne, tallafi na kemis. Ranar da tallafin ya shigo, ranar Uwani ke yafa gyale ta je ta sayo maganin wata. In babu tallafin babu magani, magana ta ƙare.

Amma ku je ku tambayi Mainasara, zai ce maku shi bai san babu ba. Na sha ganin ranar da ba a ɗora tukunya a gidan ba, ya fito majalisa da tsinken sakace a baki yana gyatsar ƙarya. In ka ce masa ya rame, sai ya ce likita ne ya hana shi maiƙo. Rufin asiri a wurinsa ya fi abinci, kuma ita Uwani baiwar Allah ce, abin da Malam ya ce shi ke nan.

Wata rana rediyo ya kawo labarin cewa kuɗi sun yi ƙaranci, za a rage yawan masu karɓar tallafin, kuma kwamiti zai bi gida gida ya ga wanda yake da buƙata da gaske. Kai, ranar majalisar mai shayi ta bakin tasha ta ɗauki zafi! Ina jin komai, don a gefen wurin nake kasa daddawata. 'Yan fansho ne a kan benci, guragu da kekunansu da makafi a gefe kan tabarma. Shi gogan naku a ƙarshen benci yake zama, gindi a wurin 'yan fansho, ƙafa da sanda a wurin naƙasassu.

Wani tsohon malamin makaranta ya fara. Ya ce, "Mu namu haƙƙi na, gumi munka zuba. In ragi za a yi, a rage na sadaka, a ƙara muna fansho."

Tasi'u gurgu, mai gyaran takalma, ya ajiye basillarsa. Shi kuwa bakinsa ya fi basillar kaifi. Ya ce, "Sadaka? Malam, ɗan abin da ake ba mu shi ya cinye baitulmali? Zauna nan ka ga motocin da ke wucewa da jiniya, man guda ɗaya ya ishe mu duka har da canji. Mi ya sa in za a tsuke, daga wuyan gurgu ake farawa?"

"To ai ku kuna sana'a," in ji malamin. "Ga ka nan kana ɗinkin takalma. Ni tsoho mi zan yi?"

"Kai kuma kana da ɗiya huɗu masu albashi. Ni uban wa gare ni?"

Wani makaho ya ce shi dai a bar masa nasa, don ko kuɗin mota zuwa Sakkwato yanzu ya fi ƙarfinsa. Wani ɗan fansho ya ce shi watanni yake jira kafin ya ga nasa, su kuwa suna kuka tun ba a taɓa su ba. Aka yi ta musu, talaka yana cakumar talaka, mai shayi yana ta ciniki. Can sai aka juya ga Mainasara, tunda shi na kowa ne, aka ce ya raba gardama. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya irin ta manyan da ya yi wa aike.

Ya ce, "Gwamnati ta san abin da take yi. Akwai macuta cikinmu, kowa ya sani. Ni da idona na ga wani, ranar biya da ƙafar dama yake ɗingishi, wata na zagayowa ya manta ya koma hagu. A tace! Mai gaskiya ba shi tsoron kwamiti."

Aka kwashe da dariya. Tasi'u ya ce, "Kai da ke cin tudu biyu, ga fansho ga tallafi, aradu da kai za a fara."

Ni ma na kasa haƙuri, na ɗaga murya daga inda nake na ce, "Bawa, gwamnatin nan da kake karewa ta ma san sunanka?"

Ya ce, "Ta san shi sarai. Ke dai ji da ƙudajenki."

Ba a daɗe ba mai unguwa ya aiko cewa kwamiti zai shigo unguwarsu Mainasara. Ana gobe za su zo ta kama ranar kasuwa, na tashi da wuri na biya gidan. Tun daga ƙofa na ɗauka ɓatan hanya na yi. An share har titi, an yayyafa ruwa, an shafe bangon zaure da farar ƙasa. Ga mutane suna shiga da kaya suna fitowa hannu wofi. Maniru, maƙwabcinsa dillalin albasa, shi ne uban aikin. Ya kawo kafet, ya kawo kujeru masu taushi, ya kawo fanka mai tsaye, har firji aka cicciɓo, aka jawo waya ta kan katanga daga solarsa. Wata ta aiko da labule, wata da kofunan gilashi. Telan unguwa ya ba da babbar riga ta shadda wadda mai ita bai zo karɓa ba tukuna. Inda rufin ɗakin ya huje kuwa, an ɗaura wani zanen gado mai furanni an rufe.

Kada ku ce mugunta ce, wallahi ba ita ba ce. Haka muke tun kakanni. In baƙi na nesa za su sauka gidanka, ko surukai ne ko manya, unguwa ce ke yi maka sutura ba tare da ka roƙa ba. Baƙo ba ya ganin tsiraicin gida. Kowa ya kawo abin da yake da shi, baƙi su tafi, kowa ya kwashe nasa, ba mai sake ta da maganar. Da haka aka aurar da 'yata, da haka aka yi sunan jikokina. Amma ranar nan ina ganin firjin nan gabana ya faɗi.

Na same shi zaune a kan kujerar Maniru yana ba da umarni da sanda. Na ce, "Bawa, amarya za ka yi ba a gaya mani ba?"

Ya ce, "Baƙi daga Sakkwato. Manya."

Na ce, "Kai, wa ya ce maka neman aure za su zaka? Talauci sunka ce za su duba, kai kuma ka ɗauke shi ka tura ƙarƙashin kafet!"

Ya ce, "Ke jahila ta. Ni na zauna da gwamnati, na san halinta. Ba a tarbarta da tsumma. In ta ga mutum mai mutunci, ta san ba macuci ba ne."

Na juya kan Maniru na ce ya kwashe kayansa tun wuri. Ya riƙe baki ya ce, "Haba Inna Safinatu! So kike su koma Sakkwato su ce unguwarmu babu mutane?" Na leƙa madafa wurin Uwani, na same ta tana figar kaza. Ita ke nan kazar gidan, mai yi masu ƙwai. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce ba zan koma Bodinga ba sai na ga ƙarshen wannan hauka.

Washegari da hantsi mota ta tsaya. Su uku ne: wani babba mai ƙatuwar hula shi ne shugaba, wani mai ɗaukar hoto da waya, sai wata yarinya siririya da suke kira Jamila, ita ke rubutu. Tun kafin su shigo Mainasara ya sa an zaunar da shi, don kada su ga yana jan ƙafa. Hannun da ya mutu ya cusa shi cikin babbar riga, sandar kuwa an ɓoye ta bayan firji. Ga hula ta zauna, ga turare, ga fanka tana kaɗa masa shadda. Ni kaina da ban san shi ba, da rance zan nema a wurinsa.

Aka kawo lemo mai sanyi, aka kawo kaza. Shugaban ya tsotse ƙashi ya ce, "To Baba, ya jikin?"

"Alhamdu lillahi, ranka shi daɗe. Garau."

"Abinci fa, ana samu?"

"Sai godiya."

"Magani?"

"Ba mu rasa ba."

"Babu dai wani abin da ke damunka?"

"Abu guda na, ranka shi daɗe. Masu cutar gwamnati." Daga nan ya buɗe masu karatu a kan macuta, har da labarin mai sauya ƙafa. Shugaban yana dariya yana gyaɗa kai, mai hoto yana ta ɗaukar firji.

Ina tsaye bakin ƙofa, abin ya ishe ni. Na ce, "Ranku shi daɗe, ku tambaye shi firjin wa ye wanga. Ko rigar da ke wuyanshi ta aro ta. Ku ce ya miƙe tsaye ku gani!"

Ko gezau bai yi ba. Ya yi murmushi ya ce, "Kada ku kula ta, taubashiyata ta. Haka take yi mani tun muna yara."

Sai ɗakin ya ɗauki dariya. Shugaban ya ce shi ma yana da irinta a Yabo, ba ta barinsa ya sha ruwa. Na rantse, na ƙara rantsewa, suna ƙara dariya, don duk ƙasar nan babu mai ɗaukar maganar taubashi da gaske. Wasan da na yi shekara da shekaru ina jin daɗinsa, ranar shi ya ɗaure mani baki. Yarinyar nan Jamila ce kaɗai ta ɗan dube ni, ta dubi zanen da ke rufi, ta ci gaba da rubutunta. Da za su tafi har da tsaraba, kwandon albasar Maniru aka sa masu a bayan mota.

Kafin la'asar kowa ya kwashe kayansa. Ɗaki ya koma tabarma da randa da tsohon akwati. Mainasara yana kwance cikin singileti yana cewa, "Kin gani ko? Sun ji daɗi. Shugaban har hannu ya ba ni." Na ɗauki kwanona na nufi tasha.

Ƙarshen wata ya zo, wayar Tasi'u ta yi ƙarar shigowar tallafi, ta makahon nan ta yi ƙara, ta Mainasara shiru. Ya ce jinkiri ne, aikin ofis ba a yi masa gaggawa. Wata na biyu ma shiru. A majalisa Tasi'u ya samu abin yi, kullum sai ya ce, "Mai gaskiya, ya labarin kwamiti?" Shi kuma ya ce ana kan aiki. Daga baya Tasi'u da kansa ya daina, don ya lura mutumin yana yawan dafe ƙeya, kuma magana ta fara yi masa nauyi.

Wata safiya ina tsakar gidana a Bodinga ina shanya kalwa, sai ga sallamar Uwani. Matar da ba ta taɓa shiga mota ita kaɗai ba! Ta zauna, ta ƙi shan ruwa. Ta ce tun watan farko Mainasara yake raba ƙwayar biyu, daga baya ya koma sha yau gobe ya huta, yanzu kuwa ta ƙare ƙaf. Ta ce kansa yana sarawa har ba ya iya buɗe ido, kuma ya hana ta gaya wa kowa, har 'yarsu. Tana faɗa tana murza bakin gyale, hawaye yana zuba.

Na kwance bakin zanena na sayi maganin 'yan kwanaki na ba ta. Da ta kai masa ya tambayi inda ta samo, ya ce a mayar mani, shi yana da nasa. Sai dakawa ta riƙa yi tana zuba masa a kunu. To amma daddawa nawa zan sayar? Ni ma da bakunan da nake ciyarwa. Na kwana biyu ina juya abin, rana ta uku na shiga motar Sakkwato.

Da tambaya na gano ofishin. Aka ce in zauna a benci. Na zauna har azahar, ma'aikata suna wuce ni suna latsa waya. Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne, sai na ɗora kwanon daddawata a cinya na buɗe murfin, na shiga yi masa fifita da bakin gyale. Ba a jima ba wani ya leƙo yana toshe hanci, ya ce, "Mama, wa kike nema?" Na ce Jamila. Da gudu aka kira ta.

Tana ganina ta yi murmushi ta ce, "Inna, ba ke ce mai wasan nan ta Shagari ba?"

Na ce, "Ni ce, amma yau ba wasa ya kawo ni ba." Na zayyana mata komai, tun daga kafet har kunu. Ta ce su an ba su adadin da za su cire, kuma sun fara da waɗanda suka ce da bakinsu ba su rasa komai ba. Ta ce tun ranar zuciyarta ba ta kwanta ba, amma ita ƙarama ce a wurin. Akwai damar sake dubawa, sai dai dole mai abin ya faɗa da kansa, maganata ba ta isa ba. Ta ce za ta je wani aiki Lambara mako mai zuwa, za ta iya tsayawa. Na ce ta tsaya, amma kada ta kuskura ta aika wa mai unguwa.

Ranar na jira ta a tashar Shagari, muka hau kabu-kabu zuwa gidan. Amma unguwa tana da ido. Kafin mu sauka wata ta hango jakar ofis ta rangaɗa kira ta kan katanga. Na tura Jamila cikin zaure, ina juyowa sai ga Maniru a guje da kafet a kafaɗa, bayansa wani da fanka, bayansa tela yana kakkaɓe riga. Na fizgi taɓaryar Uwani da ke jingine na tare ƙofa.

Na ce, "Duk wanda ya shigo gidan ga da ko tsintsiya ta aro, aradu sai na fasa mai kai!"

Maniru ya ce, "Inna, baƙuwa ta fa!"

Na ce, "Awo, baƙuwa ta. Wancan karon kun yi mashi sutura, maganinshi kunka rufe da ita. Ku juya!" Suka tsaya cirko-cirko a rana, mai fanka bai san inda zai ajiye ta ba. Na ja ƙyauren na saka sakata.

Mun same shi a tabarma, jingine da bango, singiletin ta yage a kafaɗa. Ga hannun nan da ya mutu a waje, ya tsotse, yana kwance a cinyarsa. A gabansa kwano ne da tuwon jiya da aka jiƙa da ruwa, babu miya. Rana ta shigo ta hujin rufi ta sauka kusa da ƙafarsa. Yana ganin Jamila ya gane ta. Ya kai hannun dama zai jawo zane ya rufe na hagun, zanen ya yi masa nisa. Ya ce, "Uwani, riga! Uwani, kujera!" Uwani tana tsaye a bakin ƙofa ba ta motsa ba.

Jamila ta cire takalmi ta durƙusa a ƙasa. Ta ce, "Baba, ina kwana. Ya jiki?"

"Alhamdu lillahi, ranki shi daɗe. Kin same mu ba shiri, ana gyaran ɗaki na."

Ta ce, "Baba, na gani da idona. Amma abin da ka faɗa wancan zuwan shi ke rubuce, kuma da shi aka cire ka. Ba zan iya sauya shi ba sai ka faɗa mani da bakinka yadda kake."

Sai ya ɗago ya dube ni. Na san hararar Mainasara, na san ta wasa, na san ta fushi, amma wannan kallon ban taɓa ganinsa ba. Ya mayar da kai ƙasa ya ce, "Ranki shi daɗe, mu dai ba mu rasa..."

Bai ƙarasa ba Uwani ta shigo ta durƙusa a gabansa. Tun da aka kawo ta gidan nan ban taɓa jin ta katse masa magana ba. Ta ce, "Malam, in ciwon ga ya dawo ya ɗauke ka, da mi za ka bar ni? Da mutunci? Na ci yunwa da kai ban gaya ma kowa ba, kuma zan ƙara. Amma wanga ban iyawa. Don Allah ka faɗa mata."

Can ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Ku ba ni wuri, ke da ita."

Ni da Uwani muka fita muka tsaya bayan zana. Gidan talaka kuwa ba ya riƙe magana, komai muna ji. Sai muka ji muryarsa ƙasa ƙasa. "Ɗiyata, kayan da kunka gani duka na maƙwabta na. Rigar ma ba tawa ba ce. Kazar da kunka ci, ita kaɗai gare mu. Magani ya ƙare tuni." Ya tsaya, ya ja numfashi. "Ba ni da shi. Ba ni da komi."

Daga nan sai kuka. Tun muna yara nake neman in sa Mainasara kuka, na ɓoye masa takalmi, na zuba masa barkono a fura, na kira shi bawa a gaban budurwarsa, bai taɓa yi ba. Ranar na ji shi, kuma wallahi da ina iya toshe kunnena da na toshe. Uwani ta zauna a turmi ta rufe fuska. Ni kuwa ina tsaye da taɓarya a hannu, na rasa inda zan sa kaina.

Bayan 'yan makonni sunansa ya dawo. Na watannin da suka wuce ba a biya ba, ba mu ma tambaya ba. Ba kowa ya samu haka ba. Akwai wata tsohuwa makauniya a Lambara da aka cire don ranar jikarta ta ɗaura mata atamfar biki, kuma har yau ba wanda ya je ya yi mata faɗa. A majalisar mai shayi ana nan ana musu, 'yan fansho da nasu, su Tasi'u da nasu. Mainasara yana zuwa ya zauna a ƙarshen bencinsa, amma in aka ce ya raba gardama sai ya ce shi sauraro ya zo.

Ni ce dai ya hukunta. Ranar kasuwa ta farko na shiga da tsiyata kamar kullum, na ce masa ya tashi ya gaida uwargijiyarsa. Sai ya gyara zama ya ce, "Sannu da zuwa, Hajiya Safinatu. Ya hanya? Ya mutanen Bodinga? Uwani, kawo mata tabarma da ruwa." Na ɗauka sabon salo ne, na ƙara tsokana. Ya ce, "Allah shi ba da kasuwa." Haka yake yi mani har yau, gaisuwa cikakkiya, babu zagi ko ɗaya, kamar wata baƙuwa da ta zo daga nesa.

Uwani ta ce in ba shi haƙuri. Ba zan ba shi ba, don ban yi laifi ba, kuma gobe ma in ta kama zan sake. Amma abin yana ci mani rai, ba zan ɓoye ba. Akwai ranar da na fito daga gidan na kasa kaiwa tasha, na zauna a dakalin wani na share hawaye. Duk da haka kowane mako sai na je, in zauna a tabarmar da ya sa aka shimfiɗa mani, in jira har Uwani ta kawo masa ƙwayar da ruwa, in ga ya haɗiye. Ya yi ta gaishe ni haka har shekara ashirin, na yarda, in dai yana nan zaune yana gaisuwar.